Mai Amsa wa Abarshi

A Gidan Baro, wani ƙaramin ƙauye da ke gefen hanyar Tajaye, in mutum ya ce "azne" ba sai ya faɗi suna ba. Mutum ɗaya ya rage, kuma kowa ya san gidansa, na ƙarshe ta yamma, inda tsoho Abarshi ke zama a ƙofa yana tufkar igiya. Shi kansa bai taɓa kiran abin da yake yi da wannan suna ba. Gado yake ce masa, kamar yadda wani zai ce gona ko rijiya.

An haife shi bayan uwarsa ta binne ƴaƴa maza a jere, shi ya sa aka sa masa Abarshi, kuma mutuwa ta ji roƙon ta bar shi. Ta bar shi ƙwarai, har ya binne kusan duk waɗanda suka yi wasan ƙasa tare. Ya taso dogo, mai faɗin tafin hannu, marar yawan magana, amma in ya buɗe baki sai an yi dariya ko an ji haushi. Noma ya sani, da kiwon ƴan awaki, da tufka. Cin rani sau ɗaya ya je, Sakkwato, ya dawo yana cewa garin ya cika hayaniya kuma furarsu ruwa ce.

Gadon nasa ba wani abu ne mai tsawo ba. A gandun gidansu akwai tsamiya, a gindinta akwai baƙin dutse mai faɗi. Duk shekara in gero ya nuna, ba wanda zai sa tumu a baki a gidan sai babba ya ɗauki ƙwaryar gumbar sabon gero ya je wurin dutsen da hantsi. Zai durƙusa ya kira sunayen magabata ɗaya bayan ɗaya, tun daga Baro wanda ya haƙa rijiyar garin har zuwa wanda ya rasu a baya-bayan nan. Duk sunan da ya kira, sai wani mai jinin gidan ya amsa daga bayansa, ya ce, "Muna nan." Sannan ya zuba gumba kaɗan a kan dutsen, ya kira na gaba. In an gama a gasa tumu a ci, shi ke nan shekara ta buɗe.

Sharaɗi ɗaya ne ubansa Maman ya ja masa kunne a kai. Mai kira ba ya amsa wa kansa. Ranar da aka kira ba a amsa ba, to gidan ya ƙare a wurin magabata, sai mai kira ya kife ƙwaryar a kan dutsen ya tafi, kada ya sake komawa. Lokacin da Maman ke faɗin haka Abarshi dariya ya yi a ransa, don a zamanin in aka ce "Muna nan" har tsuntsayen tsamiyar sai sun tashi.

Mutane ba rana ɗaya suka watse ba. Wani ya je cin rani ya dawo da carbi. Wani ya nemi aure a Illela aka ce sai ya bar zuwa dutse. Shekarun fari suka kwashi wasu, ba su dawo ba. Matarsa Hawa'u ma ta fara salla, shi da kansa ya sayo mata buta a kasuwa, ya ce tunda za ta yi to ta yi da kyau. Ƴaƴansa biyu, Yusuf da Bilkisu, suka shiga makarantar allo, bai hana ba. Yakan ce shi ma ya san Allah ɗaya ne, shi ya yi sama da ƙasa, amma wannan bai hana mutum ya gaida iyayensa kafin ya ci abin da ya fito daga gonarsu ba.

Garin bai kore shi ba, bai kuma rungume shi ba. Ana gaishe shi, ana sayen igiyarsa, ana aron jakinsa. Amma in an yi suna ko ɗaurin aure, akwai tabarmar da ake shimfiɗa masa can gefe, kuma in ya yanka akuya ba mai cin naman. Abin da ke ba shi dariya shi ne, in ruwa ya yi jinkiri, waɗanda suka fi kowa kau da kai su ne za su tsaya a ƙofarsa, su yi ta zancen igiya, can su ce, "Af, ko kwanan ga ka leƙa wajen tsamiya?" Sai ya ce musu dutsen ba ya ba da ruwa, su je su roƙi Allah kamar kowa.

A ƙarshe mai amsawa ɗaya ta rage masa, yayarsa Asabe. Asabe ba ta wasa da salla, azumi kuwa har na nafila take yi. Amma duk shekara da gero ya nuna, ita za ta daka gumbar ba tare da ta ɗanɗana ba, ta zo ta tsaya masa a ka tana mita.

"Tashi mu tahi, sarkin taurin kai, kahin rana ta yi zahi," in ji ta. "Ni hwa ba tsahi nika yi ba. Ubana anka kira. In yi kurum awa wadda ba ta da uba?"

Haka za su tafi, shi a gaba da ƙwarya, ita a baya tana faɗa da ƙarangiya. Da Hawa'u ta rasu Bilkisu tana ƙarama, Asabe ce ta ɗauke ta ta raine ta, don haka shekaru da dama da yarinyar ake zuwa, farko a goye, daga baya tana zaune a inuwa tana wasa da ƴaƴan tsamiya. Muryar Asabe siririya ce, tana rawa, ko kurciya ba ta tashi saboda ita. Amma amsa ce, kuma ta ishi Abarshi.

Bana da bazara Asabe ta kwanta, ba ta tashi ba. Aka yi mata wanka da salla, jama'a ta cika maƙabarta. Abarshi ya tsaya bayan sahu, hannunsa a baya, ba wanda ya ce ya matso, ba wanda ya ce ya tafi. Ya yi baƙin cikin rashin ƴar'uwa, wannan kowa ya gani. Abin da ba a gani ba shi ne tsoron da ya shige shi tun a wurin, don ya san gero zai nuna ko da Asabe ko babu ita.

Yusuf ya dawo daga Abijan gab da shuka, kamar yadda yake yi duk shekara. Ɗa ne na kirki, shi ya gina wa ubansa ɗakin siminti, shi ke nome masa rabin gandun. Shi kuwa uban, Isuhu yake kiransa. Wata rana da la'asar suna gyaran hauya, Abarshi ya daure ya buɗe maganar, ya ce bana babu mai amsawa.

Yusuf ya ajiye hauyar. "Baba, don Allah ku bar abin ga. Ɗiyana ba su iya hita wasa, sai a ce musu jikokin azne. Can inda muke, irin wanga abu ƙungiyar asiri aka ce mishi."

"Ƙungiya?" in ji Abarshi. "To ƙirga mu in ji. Ni da wa? Ni da jakina? Asirin kuwa, da hantsi nika yin shi, tsakar gona, mata na wucewa da tulu."

"In ba ita ba ta, mi za a ce mishi? Addini? Ina littahinku? Ina annabinku?"

"Ba mu da littahi, Isuhu. Muna da sunaye."

Yusuf ya sunkuyar da kai. Da ya sake magana muryarsa ta sauya. "Ni ba gardama nika so da ku ba, Baba. Tsoro nika ji ku mutu hakanan, in hito ƙohwar gida in rasa wanda za shi tsaya bayana mu yi muku salla."

Abarshi ya ɗago ya dube shi. Ya ga cewa ɗansa ma mai tsaya masa a baya yake nema, kuma tausayinsa ya kama shi. Suka ci gaba da gyaran hauya, ba wanda ya sake ta da zancen.

Akwai mutum ɗaya da ke zama da shi ba don igiya ba, Mushe Hakim, kamar yadda ake kiran malaman boko a nan, malamin lakwal ɗin garin, wato makarantar boko, baƙo ne daga Malbaza, kaɗaici ya ishe shi shi ma. Wata rana damina ta yi nisa ya zo da wayarsa yana murmushi.

"Baba, kun san har Turai akwai irinku?"

Ya ba shi labarin wasu mutane can da suke girmama ƙasa da wata da juyawar shekara, suna taruwa a daji suna bikinsu. Ya faɗi sunan abin nasu, Abarshi bai riƙe ba. Ya ce can ma an sha gardama a kansu, wasu na cewa addini ne kamar kowane, wasu na cewa ƙungiyar asiri ce kawai. Mushe Hakim ya ɗauka gardamar ce za ta burge tsohon. Amma Abarshi hoton da ke cikin wayar ya tsura wa ido, mutane maza da mata sun yi da'ira a cikin ciyawa, sun riƙe hannun juna. Ya sa yatsa yana bin kawunansu har fuskar wayar ta yi duhu.

"Kakanninsu sunka bar musu?" ya tambaya.

"A'a, mafi yawansu su sunka zaɓa da kansu."

"Su nawa?"

"Suna da yawa, Baba. Dubbai."

Abarshi ya mayar masa da wayar. Bai san ko abin nasu gaskiya ne ko wasa ba, kuma bai damu da sunan da aka ba su ba. Kishi ya ji, kishi tsagwaronsa, irin na mai yunwa da ya wuce gidan da ake tuƙa tuwo. "Waɗanga ba su rasa mai amsa musu," ya ce.

Mushe Hakim ya ce ai akwai sauran azna wajen Ƙonni, ko zai je ya roƙi ɗaya ya zo? Kai, shi kansa ma zai iya tsayawa ya faɗi kalmomin, mene ne a ciki? Abarshi ya yi masa godiya, ya ce Baro bai haifi mutanen Ƙonni ba, bai kuma haifi na Malbaza ba.

Gero ya nuna. Shekarar ta yi kyau, zangarniya ta yi nauyi har tana sunkuyawa. Ƙanshin tumu ya cika garin, yara na yawo bakinsu baƙi ƙirin da toka. A gidan Yusuf ma ana ci, don shi ya daɗe da fita daga wannan doka. Abarshi kaɗai ke shan furar tsohon gero, yana juya wa hayaƙin baya. Ya yi ta ɗaga ranar, yau ciwon gwiwa, gobe hadari, har maƙwabta suka fara girbi. Daga nan ya san ba sauran ɗagawa, ya sa rigarsa ta kirki, ya shiga motar kasuwa zuwa Badagishiri.

Can Bilkisu take aure, mijinta mai lambu ne a cikin kwari. Ya same ta a rumfar ƴan albasa. Ta yi murna, ta yi masa shimfiɗa, ta sayo masa fura mai sanyi bayan ta tabbatar ta tsohon gero ce, don ta san halinsa. Wannan kulawar ta sa ya ji ƙarfin gwiwa, ya faɗa mata abin da ya kawo shi ba kwana-kwana. Kalma biyu yake roƙo, sau ɗaya a shekara.

Bilkisu ta ajiye albasar da ke hannunta. "Baba, na tambayi malami tun da Gwaggo tar rasu, don na san za ku zo. Yac ce kiran matattu da zuba musu abinci ba shi halatta. Gwaggo ta yi nata, Allah shi gahwarta mata. Ni ba ni iyawa. In nic ce muku zan yi, ƙarya nika yi muku."

"To," in ji shi. Ya fara laluben sandarsa.

"Amma ina zuwa in raka ku," ta ce. "Ba ku tahiya ku ɗai."

Ya koma gida da wannan. A hanya ya yi ta gaya wa kansa cewa ta ce ba za ta amsa ba, kada ya sa rai. Ya sa rai duk da haka.

Ranar da suka sa, shi ya daka gumbar da kansa tun da safe. Bai iya riƙon taɓarya ba, gero na tsalle daga turmi, matan maƙwabta na leƙe ta kan darni suna ƙunshe dariya. Bilkisu ta iso da hantsi. Ta dubi gumbar, duk tsaki ce, ta buɗe baki za ta yi magana, ta fasa. Suka kama hanya, shi a gaba da ƙwarya, ita a baya. Yusuf yana nasa gefen gonar yana girbi. Ya ɗago ya gan su, ya mayar da kansa ga aikinsa.

Bilkisu ba ta ƙarasa gindin tsamiyar ba. Ta tsaya a bakin inuwar, ta zauna a kan kunya, ta ja gyalenta. Abarshi ya share ganyen da ke kan dutsen da hannu, ya durƙusa da ƙyar, ya gyara murya.

"Baro," ya kira.

Ya jira. Iska ta kaɗa karan gero, can nesa wani na kora jaki. Ba a amsa ba, don haka bai zuba gumbar ba. Bisa doka nan ya kamata ya tsaya, amma ya ce a ransa tunda na ƙarshe ne, bari kowa ya ji sunansa. Ya kira ɗan Baro, ya jira. Ya kira jikansa, ya jira. Bai taɓa sanin cewa wurin da Asabe ke sa muryarta yana da faɗi haka ba. Shirun ya rikita shi, don shekara da shekaru amsarta ce ke tuna masa sunan da ke biye. Ya kira na gaba, ya wuce zuwa ubansa Maman.

"Baba," in ji Bilkisu daga bayansa, a hankali. "Kun tsallake Amadu Mai Rijiya. Shi ka zuwa kahin Kaka."

Abarshi ya daskare. Gaskiya ne, ya tsallake kakansa. Bai juya ba. Ashe sunayen suna wurinta, duka, a jere, tun tana wasa da ƴaƴan tsamiya. Ashe tana bin sa ɗaya bayan ɗaya a cikin ranta. Ya koma baya, ya ɗaga murya fiye da da.

"Amadu Mai Rijiya."

Ya jira, ya ƙara jira. Ya ji numfashinta, ya ji ta ja hanci. Ba ta ce komai ba.

Ya kira Maman. Sannan ya zo kan sunan da bai taɓa kira a wurin nan ba, wanda bana ya shiga layin. "Asabe," ya ce.

Nan Bilkisu ta fashe da kuka, ta toshe baki da gyale. Kukan ya daɗe. Abarshi ya saurara da kunnuwansa duka biyu, ko a cikin kukan kalmomin nan biyu za su fito. Da ya so, da ya ce gyaran sunan da ta yi amsa ce, ko kukan nan amsa ce, ba mai ƙaryata shi, don ba wanda ya rage da ya san dokar sai shi. Ya yi tunanin haka, har ya karkata ƙwaryar kaɗan. Amma ta gaya masa gaskiya a kasuwa, ba zai ɗora mata abin da ba ta faɗa ba, kuma ba zai yi wa Asabe ƙarya a ranar farko da ya kira ta ba.

Ya kife ƙwaryar a kan dutsen, ya danna ta da tafin hannunsa don kada iska ta ture ta. Ya yi ƙoƙarin tashi, gwiwa ta ƙi, sai Bilkisu ta shigo inuwar ta kama shi.

"Ku gahwarta min, Baba."

"Ba ki yi min komi ba, ɗiyata. Kin raka ni."

A hanyar komawa ta karya zangarniya mai kyau daga gandun. Da suka isa gida ta hura wuta a murhun da ya daɗe bai ga mace ba, ta gasa tumun, ta murje shi a tafin hannunta, ta hure ƙaiƙayin, ta zuba masa a faifai. Ya daɗe yana kallonsa. Tun da aka haife shi bai taɓa cin sabon gero ba sai an amsa. Yana jiran ya ji wani abu, ɗaci ko tsami, ko maƙogwaronsa ya ƙi karɓa, wata alama dai da za ta nuna cewa can wurin magabata an san abin da ya faru yau.

Ya ɗiba ya sa a baki, ya tauna da sauran haƙoransa. Geron yana da zaƙi da ɗumi da ƙanshin hayaƙi, daidai kamar na bara, daidai kamar na zamanin Maman.

"Ya yi daɗi?" in ji Bilkisu.

"Ya yi daɗi," ya ce, kuma wannan ne ya fi komai yi masa ciwo. Ya ƙara ɗiba, don ta zauna tana kallonsa.